Yadda na gyara matsalar tsohuwar kwamfutar lissafi

Kwamfutar lissafin kuɗi tana kan Windows 7, wanda Microsoft ta daina yi wa faci, wato sabuntawar da ke toshe ɓarakar tsaro, tun 14 ga Janairu, 2020. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take, manhajar riga-kafi kuwa ba ta ɗinke ta. Injin ba shi da TPM 2.0, ɗan na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata, saboda haka Windows 11 ba zai hau ba.

Da farko na kwafe bayanai a faifan waje, na zare shi na ajiye. In aka bar shi a jone, manhajar masu neman kuɗin fansa za ta kulle shi tare da sauran fayiloli. Sai na kashe SMBv1, tsohuwar hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, ƙofar da manhajar neman kuɗin fansa ta WannaCry ta bi a 2017, na toshe tashar sadarwa ta 445 da SMB ke bi, na cire kwamfutar daga intanet ɗungurungum. Imel da harkar banki kuma suka koma sabuwar kwamfuta.