Suna Ɗaya Ba Gida Ɗaya Ba Ne: Kurakuran da Ake Yi Kan Sunayen Manyan Mutane

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga mutum biyu da sunan ƙarshe iri ɗaya, nan take a mayar da su 'yan gida ɗaya. A ƙasar Hausa sunan da ke ƙarshe sau da yawa na uba ne ko na gari, ba lallai ya zama na zuri'a ba.

A duba Abubakar. Ranar 29 ga Mayun 1999 Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo, kuma a ranar Atiku Abubakar ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Har yau akwai masu ɗaukarsu wa da ƙane. Abdulsalami mutumin Minna ne, Atiku kuwa daga Jada yake a Adamawa. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, nasa Abubakar ɗin sunan mahaifinsa ne, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da ya yi shekara 50 yana sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Shi kuwa Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, Abubakar sunansa ne na yanka, Tafawa Balewa garinsu ne a jihar Bauchi. Gyaran mai sauƙi ne: kafin a ce dangi ne, a tambayi garin kowa da sunan mahaifinsa.

Wanda ya fi damuna shi ne na Sanusi, don yana shiga har rubutun ɗalibai. Mutum biyu masu wannan suna sun shugabanci Babban Bankin Najeriya. Joseph Sanusi, Bayerabe daga jihar Ondo, ya riƙe bankin daga 1999 zuwa 2004. Sanusi Lamido Sanusi ya zo a 2009, ya bari a 2014, shekarar da ya zama Sarkin Kano. Ba abin da ya haɗa su sai kujerar. Dangantakar Sanusi Lamido ta jini tana wajen kakansa, Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya, wanda ya sauka daga sarauta a 1963. Duk inda aka rubuta "Gwamna Sanusi" ko "Sarki Sanusi", a sa shekara kusa da sunan.

Akwai kuma inda dangantakar gaskiya ce, amma ake cakuɗa tarihin. Gidan 'Yar'aduwa na Katsina ya sha wannan. Musa 'Yar'aduwa, uban, minista ne a Jamhuriya ta Farko. Ɗansa Janar Shehu shi ne na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a tsare a Abakaliki a Disambar 1997. Ƙanensa Umaru ya yi gwamnan Katsina shekara 8, ya zama shugaban ƙasa a 2007, ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010. Sai ka ga an ɗora hoton Shehu da kakin soja a Facebook, a ƙasa an rubuta "marigayi shugaban ƙasa". Wannan tauye haƙƙin su biyun ne. Umaru malamin kimiyyar sinadarai ne, bai taɓa aikin soja ba.

Sai gutsure suna. Ba a cewa "Malam Kano ya ce" idan ana nufin Malam Aminu Kano, domin Kano birni ne. A rubuta sunan cikakke, in ya sake zuwa a ce Malam Aminu.