Babi na 7: Maganin Raunin Ƙashi, Yadda Ake Zaɓa da Yadda Ake Sha

Darasi na 1: Ciwon da ba ya sallama

Iyayena da ƴan'uwana, ku ajiye alli tukuna, ku saurara. Kowa a ajin nan ya san aikin gara. Azarar ɗaki tana nan lafiya ƙalau a ido, ranar da aka dafa ta sai ta burme, ashe an daɗe ana cin ta daga ciki. Haka wannan ciwo yake yi wa ƙashi. Mu za mu kira shi raunin ƙashi. A takardar asibiti da Faransanci ake rubuta shi: ostéoporose. Harafin farko o ne, zagaye kamar bakin tulu. Ku kwafe shi sau uku a allo, don ranar da kuka gan shi a takarda ku gane shi.

Ba ya zafi da farko. Ya fi kama mata bayan al'ada ta ɗauke. A duniya, cikin mata 3 da suka wuce shekara 50, ɗaya tana samun karaya saboda shi. Cikin maza 5, ɗaya. Wuyan hannu, ƙugu da ƙashin baya, nan ya fi karyawa.

Wata baiwar Allah da muka yi karatu da ita ta zame a bakin famfo, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Faɗuwar da ko jikanta ba zai yi wa kuka ba. Maɗori ya ɗora, hannu ya warke, kowa ya manta. Bayan shekara guda baya ya fara ciwo, ta fara ranƙwafawa, zanen da take ɗaurawa ya koma jan ƙasa. Ta ce da ni, "Malama, ai tsufa ne." Na ce, "Inna, tsufa ba ya karya hannu a bakin famfo, mu je asibiti." Ɗori yana haɗa inda ya karye, amma ba ya hana gara ci gaba da aikinta.

Darasi na 2: Zama da likita

Ba a sayen wannan magani a tiren mai talla, kuma ba a aron na maƙwabciya. Likita ne zai duba ki, ya yi hoton ƙashi, ya auna jini don ya ga lafiyar ƙoda da yawan kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Akwai na'ura mai auna ƙarfin ƙashi, sunanta DXA. Idan sakamakonta ya nuna -2.5 ko ƙasa da haka, ciwon ya tabbata. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Amma wadda ta riga ta karye a ƙugu ko a baya daga ƴar ƙaramar faɗuwa, likita yana iya fara mata magani ko ba na'urar.

Magungunan da aka fi bayarwa uku ne. Akwai ƙwaya mai suna alendronate, sau ɗaya a mako. Akwai ƙarin ruwa mai suna zoledronate, ta jijiya, sau ɗaya a shekara. Wasu kan yi zazzaɓi da ciwon jiki kwana biyu ko uku bayan na farko. Akwai allurar denosumab, duk wata 6. Dukansu suna rage saurin da ƙashi ke zaizayewa.

Wanne ya fi? Wanda za ki iya riƙewa. Shi ya sa nake roƙon ku kada ku yi wa likita kunya. Na sha raka mata asibiti, likita yana tambaya, su kuwa sun sunkuyar da kai suna "to, to". Ki faɗa masa idan abinci yana maƙale miki a wuya ko ƙirji yana miki zafi. Ki faɗa masa idan ba kya iya zama a miƙe na rabin awa. Ki faɗi ciwon ƙoda, ki faɗi haƙorin da ke damun ki, ki faɗi idan kina da ciki ko kina neman haihuwa. Ki zuba duk magungunan da kike sha a leda ki kai masa, har da na ƙiba da ake saya a kasuwa. Da yawansu akwai dexamethasone a ciki, shi kuwa idan aka daɗe ana sha, cin ƙashi yake yi.

Sannan ki tambayi kuɗin shekara guda, ba kuɗin kwali guda ba. Jika nawa ne, kuma ana samun sa kullum a farmasi a nan Maraɗi, ko sai an aika Yamai ko Katsina? Wannan tambaya ta fi nauyi a kan allurar wata 6, domin ita idan aka fara aka tsaya haka kawai, ƙashi yana saurin komawa baya, har ƙashin baya ya karye. Idan kin san ba ki da tabbacin allura ta biyu, ki faɗa tun kafin ta farko. Rashin kuɗi ba abin kunya ba ne.

Darasi na 3: Ƙwayar mako

A nan kowa ke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Ku dubi kwalin. Ku nemi lamba 7 da 0, sai haruffa biyu: 70 mg. Wannan ta mako ce. A takardar likita za ku ga par semaine, ma'anarsa a kowane mako. Idan kuka ga par jour, a kowace rana ke nan, kuma wata ƙwayar ce daban, mai 10 mg. Ku ɗora yatsa a kan 70. Ku faɗa da ƙarfi: ɗaya a mako. Madalla. Ku sake: ɗaya a mako.

Ki zaɓi rana guda. Ni Juma'a nake ba mutane shawara, don ba mai manta ta. Ki zana da'ira a kan kowace Juma'a a kalanda, ranar da kika sha ki ja layi a cikin da'irar.

Yanzu ga safiyar Juma'a. Kin tashi, kin yi alwala, kin yi sallar asuba. Sallah tukuna, sannan magani, saboda akwai ruku'u da sujada, ita kuwa ƙwayar ba ta son a sunkuya bayan an haɗiye ta. Ba ki ci komai ba, ba ki sha komai ba. Ki cika kofi babba da ruwa, ki haɗiyi ƙwayar ɗungurungum, kada ki tauna, kada ki tsotsa, ki shanye ruwan duka. Sai ki zauna a miƙe, ko ki tsaya, ko ki yi tafiya a tsakar gida, har minti 30.

Ruwa zalla. A miƙe. Minti 30.

Me ya sa ruwa zalla? Domin abin da jiki ke ɗauka daga ƙwayar nan ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Idan ta tarar da abinci a ciki, ɗan abin ma ya tafi, kin yi asarar kuɗinki. Koko ba ruwa ba ne. Shayi ba ruwa ba ne. Fura da nono kuwa su suka fi ɓata ta. Goro ma abinci ne, Hajiya, ko ɗan ɓari ne. Ƙwayar kalsiyam da sauran magunguna duk su jira.

Me ya sa a miƙe? Idan kika kwanta, ƙwayar tana iya tsayawa a hanyar abinci ta ƙona wurin. Na san daɗin komawa tabarma bayan asuba, musamman da sanyin hunturu. Ranar Juma'a ki haƙura. Shara da gajeriyar tsintsiya sunkuyo ne, wanki a ƙasa sunkuyo ne, hura wuta a murhu sunkuyo ne. Ki jingina da bango ki ja carbi, ko ki tsinci wake a faifai a kan cinya. Ko minti 30 ta cika, kada ki kwanta sai kin ci abinci.

Yaya za ki san minti 30? Ki dubi wayarki. Idan ta nuna 6:00 lokacin da kika sha, ki jira ta nuna 6:30. Ku rubuta su a allo: 6:00, 6:30. Wadda hannunta ke rawa ta bi a hankali, ba tsere muke ba. Yawwa, haka nan.

Ruwa zalla. A miƙe. Minti 30.

Zan faɗi gaskiya, raina ya ɓaci makon jiya. Mun yi sati uku a kan wannan shafi, sai ga wata ta ce da ni, "Malama, lokotoro ya ce da ruwa, amma cikina ba ya son magani haka nan, sai na bi shi da ɗan kunu." Haba, iyayena! Ƴaƴanku suna matse bakin aljihu su sayo maganin nan, ku kuma ku zubar da shi da ludayin kunu? Wata kuma ta sha uku a jere wai don ta rama makonnin da ta manta. Ba a ramuwa a nan. Idan kin manta Juma'a, ki sha da safiyar Asabar, mako mai zuwa ki koma Juma'arki. Biyu a rana ɗaya, a'a. Ban faɗa don in kunyata kowa ba. Na faɗa ne don ba na son in zo duba ku a kwance da karayar ƙugu.

Da azumi, ki tambayi likita tun kafin wata ya kama yadda za ki tsara ta da sahur.

Mu sake sau ɗaya, duka aji: ruwa zalla, a miƙe, minti 30.

Darasi na 4: Abinci da rana

Magani ba ya gini sai da kayan gini. Nono, cuku, ganyen zogale, miyar kuka, riɗi, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, duk akwai kalsiyam. Hasken rana a fata yana sa jiki ya yi bitamin D, wanda ke taimaka wa jiki ya ɗauki kalsiyam. Wadda ba ta fita, ta zauna a tsakar gida da hantsi, hannuwa a buɗe. Ki riƙa tafiya kullum. A bar taba.

Aiki: ku rubuta nono, kuka, riɗi.

Darasi na 5: Lokacin komawa asibiti

Zafi wajen haɗiya, ko sabon zafin ƙirji: ki dakatar da ƙwayar, ki je. Ciwon cinya da ya ƙi tafiya: ki je. Kafin a cire miki haƙori, ki nuna kwalin maganin. Bayan shekara 5 da ƙwaya, ko 3 da ƙarin ruwa, likita zai duba ko a huta ko a ci gaba.

Darasi na 6: Kariya daga faɗuwa

Fitila da dare. A zuba yashi inda ruwa ke kwanciya a bakin famfo. Takalmi mai riƙe ƙafa.

Aiki: ku zo da kalanda ranar Laraba.