Kwana 90, wata 24: yadda bashi ke mutuwa a takarda

Shekara tara na yi ina aikin ba da rance a wata ƙaramar ma'aikatar ajiya da bashi a nan Tawa, irin wadda mutanenmu ke ce wa kes. Har yau in na je ɗaurin aure ko zanen suna sai wani ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce: "Malam, an ce an kashe bashina a takarda, ke nan na huta?" Amsata kullum ita ce a'a. Sai dai amsar tana da tsawo, shi ya sa na zauna in rubuta ta, don mai bashi ya iya gane matakin da nasa yake kafin a aiko masa da sammaci.

Fara da neman takardar da aka ba ka ranar da ka karɓi kuɗin, mai jerin ranakun biya. Duba biyan farko da ka tsallake, ka ƙirga kwanaki daga wannan rana zuwa yau. Wannan lissafin shi ne komai. A ofis ba ma duba fuska, ba ma duba ɗan wane ne, kwamfuta kwanaki take ƙirgawa. Mutane da yawa suna kuskure a nan, suna ƙirgawa daga ranar da suka kawo ɗan wani abu na ƙarshe. In kason watan Maris bai cika ba, ko ka kawo jikka biyar a Mayu, agogon yana nan yana tafiya tun daga Maris.

Daga kwana ɗaya zuwa 90, sunanka mai jinkiri. Za a kira ka, za a zo shago, wataƙila a ɗora maka tara kamar yadda yarjejeniya ta ce, amma bashin bai fita daga sahun lafiyayyu ba. Mu dai a ciki tun kwana 30 muke fara jin zafi, don ana auna ma'aikata da yawan kuɗin da suka makara, kuma ƙa'idar da Babban Bankin Afirka ta Yamma, BCEAO, ya sa wa ire-irenmu ita ce abin da ya haura kwana 90 kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na duk kuɗin da ke hannun mutane. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ya hau babur da rana tsaka ya nufo ka. Ba ƙiyayya ba ce, shi ma akwai mai tambayarsa.

A wannan tsakanin ne nake roƙon kowa ya zo da ƙafarsa. Akwai wani manomin albasa daga wajen Galmi da ba na mantawa. Ya karɓi jikka 500 don iri da taki da man injin ban ruwa. Lokacin cire albasa, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Bai ɓuya ba. Ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya same ni a gida da hularsa a hannu, ya ce: "Malam, albasa tana rudu, ban sayar ba. In na sayar yanzu ko kuɗin taki ba za su fito ba. Ku zo ku gani." Litinin muka je, na sa hannu cikin rudun, wato rumbun ajiyar albasar, na ɗauko ƙwaya uku, busassu ƙalau, ba ruɓa. Kwamitin bashi ya yarda aka sake masa jadawali zuwa lokacin da farashi ke tashi, ya kuwa biya har da godiya. Da ya kashe waya ya jira sai an neme shi, da wani labarin nake ba ku.

Amma a sani, sake jadawali ba wanke bashi ba ne. A bankuna ma aji na musamman ake ba irin wannan, ana sa masa ido, kuma in mutum ya sake makara fiye da kwana 30 bayan an daidaita, kai tsaye bashin ke faɗawa sahun masu shakka, wato basukan da ake shakkar dawowarsu.

Da an haura kwana 90, suna ya canza. Takardunmu na Faransanci suna kiransa créance en souffrance, wato bashin da ya shiga wahala. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ba kason da ka tsallake kaɗai ake ɗauka ba, duk abin da ya rage a kanka ne ake cirewa daga sahun lafiyayyu a mayar can. Daga nan dole ma'aikata ta fara ware kuɗi daga ribarta ta ajiye a madadin abin da take tsoron ba zai dawo ba. Bari in ba da misali da lissafi mai sauƙi. A ce saura jikka 400 a kanka, kana da ajiyar garanti ta jikka 50. Ana cire 50, saura 350. A tsarin da muka yi aiki da shi, daga wata 3 zuwa 6 na makara ana ware kashi 40 cikin 100, jikka 140 ke nan. Daga wata 6 zuwa 12 a kai shi kashi 80, jikka 280. Ya wuce shekara, a ware duka 350. Waɗannan kuɗin ba daga sama suke faɗowa ba. Daga ribar da ya kamata ta koma rance ga mai tuyar ƙosai da mai ɗinki ake yankarsu, kuma asalin jarin ajiyar maƙwabtanka ce. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ji wani yana cewa ai kuɗin kes kuɗin banza ne.

Sai mataki na ƙarshe. Bashin da ya wuce wata 24 ba a biya ba, ana ɗaukarsa wanda ba ya karɓuwa, a rubuta shi asara, a fitar da shi daga babban lissafi. Shi ne abin da mutane ke cewa "an kashe".

Na banki ya ɗan bambanta, kuma yana da kyau ƴan kasuwarmu masu hulɗa da manyan bankuna su sani. Umarnin BCEAO na 2016, wanda ya fara aiki a farkon 2018 a ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ya ce bashi yana zama mai shakka bayan kwana 90, ko kwana 180 ga ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Abin da ba shi da garanti ana ware masa aƙalla kashi 20 nan take, kashi 50 bayan wata uku, duka bayan wata tara. In akwai jinginar gida ko fili mai cikakkiyar takarda, banki na da sararin shekara biyu, a ta uku ya ware rabi, a ta huɗu duka. Wanda ya kai ƙarshen shekara ta biyar a sahun masu shakka ba a karɓo shi ba, sai a rubuta shi asara. Akwai kuma abin da na fi so a kiyaye: a banki cutar tana yaɗuwa. In kana da rance biyu, ɗaya ya lalace, ɗayan ma ana iya jawo shi cikin masu shakka ko da kana biyansa daidai.

To, me ya sa na ce ba ka huta ba? Domin rubuta asara gyaran littafin mai ba da bashi ne, don kada ya yaudari kansa da masu ajiya da hukumar da ke sa masa ido, ARSM ga ƙananan ma'aikatu, Hukumar Bankuna da ke Abijan ga bankuna. Ba yafiya ba ce. Dosiyenka yana komawa wani kundi daban, ana ci gaba da bin sa. Dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ƙasashen Afirka da dama ke bi har da Nijar, sun ba mai bin bashi damar neman umarnin biya daga kotu, daga nan a iya riƙe kaya ko asusu. Wanda ya tsaya maka ma ba a ƙyale shi ba, kuma a nan ne zumunci ke tsagewa. Na ga wa da ƙane sun daina gaisawa saboda sa hannu guda. Sunanka kuma yana iya kasancewa a ofishin tattara bayanan masu bashi, Creditinfo, inda wani banki a Yamai zai buɗe ya gani ranar da ka je neman sabon rance. Ko mutuwa ba ta share shi da kanta: in babu inshorar da ta rufe rancen, daga dukiyar mamaci ake fitar da bashi kafin a raba gado, kamar yadda kowane malami zai faɗa maka.

In naka ya riga ya kai can, ga abin da nake ba da shawara. Je ka ofis da kanka, ko in kana cin rani a Abijan ko Libiya ka wakilta wanda ka yarda da shi. Nemi a rubuta maka adadin da ya rage, a rarrabe uwar kuɗi daban, kuɗin ruwa daban, tara daban. A wannan matakin ana iya tattaunawa, don duk abin da ya shigo daga bashin da aka riga aka rubuta asara ƙari ne ga ma'aikata, sau da yawa akan sassauta tarar in ka zo da uwar kuɗin. Abin da aka yarda a kai a sa shi a takarda da hatimi. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a bakin hanya ko a ƙofar gida ba rasit, ko da ka san shi tun yana yaro, a wurin mai karɓar kuɗi na ofis za ka biya. Ranar da ka cika, kada ka fita sai da takardar shaidar ka gama biya, ka karɓo takardar fili ko ta babur da ka ajiye jingina, ka kuma nemi a gyara bayaninka a wurin Creditinfo. Ka yi wa takardar shaidar hoto da waya, ka sa ta asalin cikin leda a ƙasan akwati, inda gara da ruwan damina ba za su kai gare ta ba.