Yadda za ka ga ƙwayoyin halitta da albasar Aliero

Duk shekara idan muka iso darasin ƙwayar halitta, kasuwa nake fara shiga in sayo albasar Aliero. Zanen allo ba ya zama a kan yaro kamar abin da ya gani da idonsa.

Fara da mai sauƙi. Yanka albasar, ka ɓalle zobe ɗaya mai tsoka, daga cikinsa ka yaye siririyar fatar nan mai kama da leda. Shimfiɗa ta a kan gilashi, ɗiga aidin, sai ka kwantar da gilashin rufi a karkace, sannu a hankali. In ka sake shi gaba ɗaya, iska za ta shige ciki. Wata shekara wani ɗalibina ya zana kumfar iska uku, ya raɗa musu suna, har yana murna ya riga kowa. Abin da za ka gani a maikiroskof, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, shi ne ɗakuna a jere kamar tubalin katanga, kowanne da bangonsa da ɗan ɗigo mai duhu, wato cibiyarsa. Kada ka wahala neman koren ƙwayoyin ganye, nan babu su.

Rabuwar ƙwaya kuwa sai da haƙuri. Ɗora albasa a bakin kofi, gindinta kaɗai ya taɓa ruwa. Kwana uku zuwa huɗu fararen saiwoyi za su fito. Sa reza ka yanke bakin saiwa, milimita 2 kacal, don a nan ake ta rabuwar. Jiƙa shi minti biyar cikin asid haidirokulorik mai rauni da ɗan ɗumi, ya yi laushi. Asid ɗin malami ne zai riƙe, ba yara ba. Ɗauraye, ɗora a kan gilashi, ɗiga rinin orsin (orcein), rufe da gilashin rufi, ka danna da babban yatsa ta kan takarda. Danna tsaye, kada ka murza.

Yawancin ƙwayoyin shiru za ka gan su, suna kan shiri ne. Yi ta zagayawa. Can za ka ci karo da wadda kuromosom ɗinta, wato zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta, suka jeru a tsakiya kamar sahun salla, wata an ja su gida biyu, wata har sabon bango ya fara ratsa ta. Ƙwayar albasa kuromosom 16 gare ta, ta mutum 46, kuma kowace sabuwar ƙwaya da cikakken rabonta take fita.

In babu wuta, jawo teburin bakin taga da hantsi, ka karkata madubin da ke ƙasan maikiroskof ɗin ya ɗebo haske, amma ba ƙwayar rana ba.