Yadda ake raba bambancin yawan tsuntsaye tsakanin muhalli da wuri

A ce ka ƙirga tsuntsayen ruwa a wurare 40 a dausayin Haɗejiya-Nguru. Kana son sanin kason bambancin da muhalli ya jawo, da wanda kusancin wuraren ya jawo.

Shirya tebura uku masu layi iri ɗaya, kowane layi wuri ɗaya: ƙidayar tsuntsaye, ma'aunin muhalli kamar zurfin ruwa da yawan kacalla, sai lambobin GPS. A manhajar lissafi ta R, buɗe vegan, kunshin nazarin halittu da muhallinsu, ka fara juya ƙidayar da umarnin decostand ta hanyar Hellinger, wadda ke duba kason kowane nau'i a wuri maimakon ɗanyen adadinsa. In ka tsallake wannan, sifili zai yaudare ka: wurare biyu da duk babu wani nau'in tsuntsu a cikinsu za su fito kamar 'yan uwa. Sannan ka kira varpart, umarnin da ke raba bambancin kaso-kaso.

R² shi ne kason bambancin da ma'aunai suka bayyana. Karanta R² da aka gyara kawai, domin ɗanyen ƙaruwa yake yi duk lokacin da ka ƙara ma'auni, ko marar amfani ne.

Kason muhalli zalla ka gwada shi da umarnin rda da anova, tare da cakuɗa bayanan sau 999, don ganin ko ba dace ba ne kawai. Kason da muhalli da wuri suka yi tarayya kuwa ba ya gwaduwa, ragowar lissafi ne, wani lokaci ma yakan faɗi ƙasa da sifili.