Yadda za ka yi tattakin kwanaki ba ɗan jagora a tsaunukan arewacin Ingila

Toh in kana sha'awar irin hutun nan da ba mota ba ɗan rakiya, daga kai sai ƙafarka sai taswira, ni dai shawarata ka fara da hanyar ƙafa da ake kira Dales Way. Mil 80 ce, wajen kilomita 130 kenan, daga garin Ilkley zuwa Bowness a bakin tafkin Windermere, kuma yawanci kwana 6 zuwa 8 ake yi. Kar ka ce za ka nuna jarumta ka gama a 5, gwiwarka ce za ta gaya maka.

Kafin takalmi ma fara neman wurin kwana. Ƙauyukan ƙanana ne, masaukan ba yawa, lokacin zafi kuwa da wuri suke cika, don haka ka kama ɗakuna tukuna sannan ka raba tafiyar kowace rana daidai da inda ka samu gado. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar babbar jakarka da safe su kai masauki na gaba, kai ka goya 'yar ƙarama da ruwa da guzuri da rigar ruwa, gaskiya kuɗin nan bai tafi a banza ba.

Kwanakin farko kogin Wharfe kake bi, ta ƙauyukan Bolton Abbey, Grassington, Kettlewell, hanya lafiya lau har ka fara raina abin. Bayan ƙauyen Buckden ne labari ke canzawa. Za ka hau har tudun Cam Fell, sama da mita 500, fili fetal ba inuwa ba shago, ƙasar ta sha ruwa kamar soso, ka ga wuri kore shar ka taka sai ka ji ka nutse har idon sawu, ga hazo yana iya saukowa nan take, netwok kuma ya ɗauke. Ranar nan ka fita da sassafe. Sauke taswirar a waya tun kana masauki, riƙe fawa bank, amma duk da haka ka sa ta takarda ta Ordnance Survey (hukumar taswira ta Birtaniya) da kamfas mai nuna alƙibla a jaka, ka kuma koyi amfani da su tun a gida ba a kan dutse ba. Faɗa wa masu masauki inda ka nufa. In abu ya ɓaci kira 999, ka nemi 'yan sanda su haɗa ka da masu ceton kan dutse.

Sabon takalmi fa a'a, sa wanda ƙafarka ta saba da shi. Safar ulu, ba auduga ba, da zarar ka ji wuri ya fara zafi tsaya ka manna filasta kafin ya yi bororo.

Gonakin mutane kake ratsawa, bi kibiya mai ruwan ɗorawa da ke jikin alamomin hanya, ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, saniya mai ɗan maraƙi kuwa ka ba ta hanya. Da dare duba ƙafafunka saboda kaska.

In ka iso Bowness kar ka saki jiki tukuna, tashar jirgin ƙasa tana garin Windermere, wajen mil ɗaya da rabi kuma hawa ne, ka shiga bas kawai.