Yadda ake daidaita ƙarfin ja a injin naɗe leda

Shekara 9 ke nan ina kan injin naɗe leda a wata masana'anta da ke Ikeja, kullum daga Agege nake sammako. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, naɗi biyu da suka lalace nake fara nuna masa. Ɗaya ya yi sako-sako har cikinsa ya zamo ta gefe. Ɗayan ya matse bututun kwalin da ke ciki, sandar injin da ake zura wa bututun ma ba ta shiga. Ƙarfin ja, wato tsaurin da injin ke jan leda da shi, shi ne ya ɓata su duka.

Riƙe wannan lissafin. In ka fara a kan kwali mai kaurin inci 3, kaurin naɗi ya kai inci 12, sai moto ya ninka ƙarfin juyinsa sau 4 kafin jan ya tsaya yadda yake. A wajen warwarewa kuwa, wato inda injin ke kwance leda daga wani naɗin, naɗi na raguwa, birki na sassautawa, in ba haka ba leda ta miƙe ko ta tsinke.

Amma kada ka bar jan daidai har ƙarshe. Fara da tsauri a jikin kwali, yana girma kana ragewa sannu a hankali. Wannan shi muke kira tefa. Ni daga ragin kashi 15 cikin 100 nake farawa, in ƙara ragin in ledar mai laushi ce, domin leda na ƙara tsukewa bayan an sauke ta. In ba ka yi tefa ba, naɗin da ka gani lafiya da yamma, da safe sai ka tarar gefensa ya yi zane kamar tauraro, ko ledar ta manne wa juna.

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, duba na'urar awon ja. Cire leda, ka tabbata ta koma sifiri. Sannan ka zura igiya ta hanyar da leda ke bi a tsakiyar rola, ka rataya nauyin kilo 10, ka ga abin da allo zai nuna. Na taɓa asarar aikin dare guda saboda ban yi haka ba, har yau abin na damuna.

In an ɗauke wuta an koma janareto, jira iskar kwamfuresa ta cika, ka tashi injin a hankali.

Da ka sauke naɗi, ɗauki sanda ka bubbuga shi daga wannan gefe zuwa wancan. Inda sauti ya yi dum-dum, iska ce ta shige, sai ka ƙara matsin rolar da ke danne naɗin.